An Ga Saifuddeen a Ƙofar Kanisa

A kan bantun Saifuddeen ya fara ganinta, wato jirgin ƙarfen nan mai inji da ke ƙetarar da mutane da jakuna da buhunan albasa daga Suki zuwa waccan gaɓar kogi. Tana zaune a kan wani buhu, ta naɗe jikinta da tob, dogon mayafi ruwan ƙasa, ta rungume na'urar auna hawan jini kamar wadda ta ɗauko jariri. Sai danna maɓallin take tana tsaki.

"Ba ta mutu ba," in ji shi. "Batir kika sa a juye."

Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa. "Kai likita ne, ko mai gyaran rediyo?"

"Mataimakin likita. Ni aka turo shafakana, ƙaramin asibitin Hillat Dabo."

"To garinmu za ka." Ta miƙa masa na'urar. "Ta Yaba ce, mahaifina, limamin garin. Sunana Nasiba, ina koyarwa a firamare. In ka gyara, kana bina bashin kofin jabana, gahawar garinmu."

Ya juya batir, na'urar ta yi ƙara. Nasiba ta yi dariya har ta rufe baki da gefen tob. Saifuddeen ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, a wurin da ya daɗe yana zaton babu sauran abin da zai motsa.

Shi ɗan wani ƙauye ne kusa da Rufa'a. Da yaƙi ya iso Jazira, ya ɗauki mahaifiyarsa, Hajiya Mairo, suka bi ayarin masu gudu zuwa Damazin. Tana da ciwon suga, zafin hanya ya lalata allurarta. Kwana goma sha ɗaya yana roƙon Allah a kowane taku, ya yi alkawari, ya yi kuka, ya karanta duk abin da ya haddace tun yana yaro. Ta rasu a gindin wata bishiyar ƙaya, shi da wasu baƙi biyu suka binne ta. Tun daga ranar bai taɓa fasa salla ba, amma zuciyarsa ta bushe kamar tur'a, magudanar ban-ruwa, da aka datse wa ruwa. Bai gaya wa kowa ba, in ban da Butrus, wani nas Kirista ɗan Kurmuk da suka yi aiki tare shekara guda da rabi a Damazin.

A Hillat Dabo an ba shi ɗaki a bayan shafakana. Ba shi da dangi ko ɗaya a garin. Yakan dafa shayinsa shi kaɗai, ya ci kisra shi kaɗai, da yamma ya zauna yana kallon mutane na komowa daga hawasha, gonakin ban-ruwa, kowa da ƙofar da ke jiransa.

Ranar Asabar ce kawai daban. A ranar yake zuwa auna jinin Malam Abdussalami, liman, Nasiba kuma ta kawo jabana da turaren wuta ta zauna daga bakin rumfa kamar tana gyaran takardun ɗalibai. Kafin wata uku sun koma saƙonni, duk sa'ad da shabaka, sabis ɗin waya, ta yarda.

"Likitana, yau Yaba ya ce jininsa lafiya lau, ba sai ka zo ba. Ni kuma nawa ya hau. Mi za a yi?"

"Ustaza Nasibata, irin wannan ciwon ba a rubuta masa magani. Ganin likita kawai yake so, sau ɗaya a mako, har abada."

"Sau ɗaya ya yi kaɗan, ya Saif."

Ya karanta wannan saƙon ya fi sau ashirin. Ya yanke shawarar bayan girbin riɗi zai nemo kawunsa ya zo nema masa aure. Sai dai duk lokacin da ya tsaya a sahu bayan mahaifinta, yana jin kansa kamar ɓarawo a gidan da aka karɓe shi baƙo.

Ana cikin haka Butrus ya kira shi. Muryarsa a dakushe. Ɗiyarsa 'yar shekara huɗu ta rasu, zazzaɓin cizon sauro ya hau mata kai.

Saifuddeen ya kama motar Damazin a ranar. Ya riƙe gefe ɗaya na ɗan akwatin har ƙofar kanisa, cocin su Butrus, ya tsaya a bakin ƙofa yana jin waƙoƙinsu har aka gama, sannan ya bi su maƙabarta. Da la'asar su biyu suka zauna wurin wata mai shayi a ƙarƙashin dalbejiya. Shayin ya huce ba wanda ya taɓa.

"Har yanzu ka yarda da Allah?" in ji Saifuddeen a hankali.

"Yau ban sani ba." Butrus ya share fuska. "Babana mai wa'azi ne, shi zai ce maka imani zaɓi ne, ka tashi da safe ka zaɓa kamar riga."

"Ba zaɓi ba ne, ya Butrus. Da zaɓi ne da na zaɓa tun a hanyar nan. Kamar barci yake. Ba ka iya ce wa kanka yi barci, ka yi."

"Gaskiya ne. Amma kana iya shimfiɗa tabarma ka kwanta."

"In ka kwanta bai zo ba fa?"

"Sai ka yi kwanciyar mai jira." Butrus ya ture kofin shayin gefe. "Mu a wurinmu, mun yarda shi kansa Almasihu ya taɓa jin an bar shi shi kaɗai. Abin da nake riƙe da shi ke nan yau. Ba ni da wani."

"Ka san ban yarda da abin da kuke faɗa a kansa ba. Kuma wannan bai dawo da yarinyar ba."

"Bai dawo da ita ba. Ni ma ban kira ka don ka yarda ba, na kira ka don ka riƙe mini gefen akwati." Butrus ya dube shi. "Amma gaya mini, in da gaske ka tabbata babu kowa a can, da wa kake wannan fushin shekara biyu?"

Saifuddeen ya biya mai shayi, suka tashi. Ya hau mota da tambayar a ransa.

Abin da bai sani ba shi ne, Jibirin, wani dillalin riɗi ɗan Hillat Dabo da ya daɗe yana son Nasiba tana kauce masa, yana Damazin a ranar. Ya gan shi a ƙofar kanisa, ya ɗauki hotonsa a waya. Kafin Saifuddeen ya ƙetaro kogi, hoton ya riga shi shiga gari.

Ba wanda ya zage shi. Da an zage shi da ya fi sauƙi. Mata suka daina kawo yara awo, suka gwammace su ƙetara Suki. In ya yi sallama a majalisa, a amsa a ciki. A masallaci, wanda ke gefensa ya ɗan ja kafaɗa. Ranar Asabar aka aiko masa cewa Malam ya ce a dakata da zuwa tukuna. Ya wuni a shafakana yana jera kwalaben da ya riga ya jera.

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Saif, ban tambayi kowa ba, kai nake tambaya. Yaba ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga wanda bai san alƙiblarsa ba. Ka gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce."

Yana iya rubuta layi ɗaya ya wanke kansa, kuma ba ƙarya zai yi ba. Ya rubuta, ya goge. Ya ga in ya aure ta a haka, zai zauna shi kaɗai a cikin gidan da take ciki, wannan kaɗaicin kuwa ya fi wanda yake ciki muni.

"Nasibata, ta'aziyya na je, ɗiyar abokina ce ta rasu. Ban bar addinina ba, ban shiga nasu ba. Amma akwai abin da ya fi hoton nan nauyi. Tun rasuwar Innata ina salla kamar mai magana a ɗakin da ba kowa. Na yi ƙoƙari in ji abin da nake ji a da, na kasa. Ban san ko laifina ne ba. Ba na so in same ki da rabin gaskiya."

Alamar ta karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Kwana ashirin da biyar ba ta zo ba. Ya ga an girbe riɗi, an ɗaure, an kwashe. Ya ji an ce mutanen Jibirin sun je gaisuwa gidan liman. Sau ɗaya ya hango ta tana wucewa da ɗalibanta, ta sunkuyar da kai, ta rame. Ya rubuta takardar neman canjin wurin aiki ya ajiye a aljihu.

Ran Laraba bayan la'asar, Malam Abdussalami da kansa ya tsaya a ƙofar shafakana da sandarsa. "Taso mu taka, ɗana."

Suka bi gefen tur'a har hawashar Malam. Tsohon ya zauna a kan kunya, ya nuna masa gefensa.

"Nasiba ta karanta mini saƙonka. Kwana uku tana kuka kafin ta kawo shi. Na yi fushi, na ce maganar ta mutu. Ta ce mini, Yaba, mutumin nan da ƙarya guda zai same ni, ya zaɓi ya faɗi gaskiya ya rasa ni, shi kuwa wancan da hoto ya zo nema. Ta ce in ba kai ba, a bar ta da allonta da ɗalibanta." Ya numfasa. "Ka bar Musulunci?"

"A'a, Malam."

"Kana salla?"

"Ina yi. Amma ba na jin komai."

Malam ya dubi ruwan tur'a. "Ina da ɗa, Hashim, wan Nasiba. Kogin nan ya ci shi yana shekara goma sha tara. Wata takwas ina jan mutane salla, bakina na karatu, cikina babu kowa. In na ɗaga hannu ina addu'a, jama'a na cewa amin, ni ina tambayar kaina ko ana ji. Ban gaya wa kowa ba, ko uwarsu. Kai ne na farko."

Saifuddeen ya juyo ya dube shi. "Yaya imanin ya dawo, Malam?"

"Ban sani ba. Ban kamo shi ba, ban saye shi ba. Wata asuba ina cikin sujada sai kuka ya zo mini, shi ke nan. Zuciya ba a hannunka take ba, ɗana, da a hannunka take da ba mu roƙon a tabbatar mana da ita. Ƙafa ce a hannunka. Abin da na ji tsoro, kada ka zama mai girman kai da shakkarsa. Na ga ba haka kake ba, kai mai ciwo ne." Ya dafa kafaɗarsa. "Ba zan ce hankalina ya kwanta duka ba. Wata uku za ka riƙa biyo mini mu tafi masallaci da asuba. Bayan nan ka turo kawunka."

Saifuddeen ya kifa kai a gwiwa. Kukan da bai yi a gindin bishiyar ƙaya ba, a nan ya yi shi, tsohon na riƙe da shi.

Ran Juma'a, bayan huɗuba, liman ya ce wanda ya je ya riƙe wa maƙwabcinsa gawa ya yi abin da ya dace, wanda ya yaɗa zato kuma ya nemi gafara. Bai ambaci suna ba. Jibirin ya fita ta ƙofar baya. Kafin magariba saƙo ya shigo.

"Likitana, ka yafe mini shirun. Tsoro na ji, sannan na gane tsoron rasa ka ya fi. Gobe Asabar. Jabana na kan wuta."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Kawunsa ya zo daga Rufa'a da mota cike da dangin da yaƙi ya warwatsa. Butrus ma ya zo da matarsa, wasu suka ɗan yi gunaguni, Malam ya kama hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi a kan tabarma. Aka yi fatiha, mata suka rangaɗa guɗa, tsofaffi suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, ya ba da zuriya ɗayyiba, ya jiƙan Hajiya Mairo da ba ta ga ranar ba.

Da yamma aka kawo amarya cikin jan tob, hannuwanta baƙi wuluk da lalle, ƙamshin turare ya cika ɗan ɗakin bayan shafakana. Da mata suka watse, ta ɗaga mayafi ta dube shi.

"Ya dawo, Saif?"

Ya san imaninsa take nufi. "Bai dawo duka ba, Nasibata. Wani lokaci ina jin kamar motsinsa daga nesa."

Ta sa hannunta cikin nasa ta matse. "To mu jira shi tare. Ni ba ni da gaggawa."