Zaryar Kwana Tara

Su biyu ne a gidan, Auta da Babanta tela. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Makin jarrabawa kam Auta ta samu har da rara. Abin da ya rage mata shi ne sa hannun matar da ke tantance takardun shiga jami'a.

Kwana tara suna zarya. Yau hoto ya yi duhu, gobe tambari bai fito ba. Kullum sai matar ta ce, "Ke zauna. Shi ya je ya gyaro." Baba kuwa sai ya fita cikin rana.

Ranar da za a rufe karɓar takardu, haƙurin Auta ya ƙare.

"Anti, don Allah me muka yi miki?"

Matar ta zare tabarau. "Tambayi Babanki."

Baba ya sunkuyar da kai yana murza hula. "Ita na fara nema kafin Mamanki. Ta ba ni fom ɗinta na jami'a in kai mata..."

"Ƙarasa mana, sarkin kishi."

"Na ɓoye shi ƙarƙashin keken ɗinki har aka rufe karɓa. Tsoro na ji kada ta yi ilimi ta fi ƙarfina."

"Ina kuka kana lallashina, wai ƙaddara ce," in ji matar. "Mahaifina ya ce sakacina ne. Sai da na shekara uku a gida kafin ya sake yarda in nemi jami'a. Ƙanwarka ce ta tsinto fom ɗin wajen shara, ta kawo mini."

Auta ta dubi agogon bango, saura minti ashirin a rufe.

"Ki hukunta ni, Zinariya," Baba ya ce a hankali, "amma ki bar yarinya."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan."

Ta jawo durowa, ta miƙa wa Auta takarda. Shaidar samun gurbi ce, an sa mata hannu tun ranar da suka fara zuwa.

"Ba zan yi wa 'ya mace abin da aka yi mini ba. Amma kai, Malam Tela, yanzu ka fara zarya."

Baba ya share ido da bakin hula. "Gobe ƙarfe nawa zan zo?"

"Takwas. Kuma ka bi layi."

Auta ta rungume takardarta tana kallonsu. A nan ta gane cewa Anti ba ta yafe wa Baba ba, kuma ba ta so ya daina zuwa.