Maganin da Sharhabil Yake Sha

Bara'atu na zaune a tsakar gidansu da ke unguwar Doka a Kaduna, sabulun wanka a hannu, tana sassaƙa siffar haƙori da 'yar wuƙa. Tana aji biyar a karatun likitan haƙori korona ta zo, aka rufe makarantu, aka kulle gari. Don kada hannunta ya mance aiki ta koma wa sabulun gidan, har mahaifiyarta Hajiya Ummukulthum ta fara ɓoye nata a ƙarƙashin gado.

Zaman bai yi mata ɗaci ba. Babanta Alhaji Maliki, wanda a da ofis ke cinye masa yini, yanzu tare ake cin tuwo da shi, yana ba su labarin Kadunar da. Kullum bayan la'asar kuma Sharhabil zai kira daga Katabu. Ɗan ajinsu ne, har manyansa sun kawo gaisuwa.

Sai kiran ya fara ja da baya. Da ta matsa masa, ya faɗa mata gaskiya: abinci ba ya shiga, littafi ba ya karantuwa, gani yake shekaru biyar sun tafi a banza. In ya tuna ranar da za su koma su riƙa leƙa bakin mutane, alhali ta nan cutar ke fita, sai hannunsa ya kama rawa. Bara'atu ba ta yi masa wa'azi ba. Lambar likitan da ƙungiyar ɗalibansu ta raba ta tura masa, ta yi ta lallashi har ya kira. Likita ya saurare shi, ya ɗora shi kan magani.

Labari ya kai kunnen Gwaggo Mero, ƙanwar Alhaji, wadda ke aure a Katabu. Ko da ya iso Doka ta waya, cewa aka yi yaron ya samu taɓin hankali. Ran nan Hajiya ta karɓe wayar Bara'atu, ta ce ba za ta kai 'yarta inda za ta ƙare rayuwa a jinya ba.

Bara'atu ta sha kuka, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta yi wa Hajiya bayani sau ɗaya, ta ci gaba da girki da wanke-wankenta. Abin da ke cin ranta shi ne kada Sharhabil ya zaci ta guje shi a lokacin da ya fi buƙatar mutum. Bayan sati biyu ta durƙusa gaban babanta, ta ce ba waya take roƙo ba, a dai sanar da Sharhabil ba ita ta yanke ba.

Alhaji ya kira shi a gaban Hajiya, ya buɗe muryar wayar, ya tambaye shi kai tsaye.

"Gaskiya ne Baba, ina shan magani," in ji Sharhabil. "Damuwa ce ta fi ƙarfina, kuma ina samun sauƙi. In kun ce a dakata zan jira, amma ba zan ɓoye muku ba."

Da ya kashe wayar, Alhaji ya dubi matarsa. "Shekara goma sha biyu ina shan maganin hawan jini, Hajiya. Kin taɓa haɗa kayanki?"

"Wannan daban ne, Alhaji."

"Ina bambancin? Ni da a ce ɓoyewa ya yi, shi ne zan ji tsoro."

 Kwana uku Hajiya na kai da komo, har ta kira wata ƙawarta ma'aikaciyar jinya suka daɗe suna magana. Ranar da aka buɗe gari don cefane, Bara'atu ta tarar da wayarta a kan filo. Hajiya na kicin tana dambun nama, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, a nemi mai zuwa Katabu ya kai wa Sharhabil, ta ji an ce yaron ba ya cin abinci.

Sharhabil ya warware sannu a hankali. Da aka koma makaranta, hannunsa bai yi rawa ba a kan majinyacinsa na farko. Bayan jarrabawar ƙarshe aka ɗaura aure, kuma Gwaggo Mero da kanta ta riƙo hannun amarya zuwa mota.

Ciwon zuciya ciwo ne kamar na jiki, mai neman maganinsa ba abin gudu ba ne. Wanda kuma ya bi iyayensa da ladabi da gaskiya, komai daɗewa za su saurare shi.