Man Goge Baki a Kan Ƙuna

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Kai, yarinyar nan akwai cika baki!

Wata rana Malama ta ce kowa ya faɗi aikin iyayensa. Wannan ya ce babansa injiniya ne. Waccan ta ce mamarta lauya ce. Da aka zo kan yarinyar, sai ta ɗaga kai ta ce, "Mamata likita ce."

Alhali ba haka ba ne. Mamarta mataimakiyar likita ce a wani ƙaramin asibiti. Ita ke karɓar kati. Ita ke auna zafin jiki da nauyi, ta rubuta, ta wanke ciwo. Yarinyar gani take wannan aiki bai kai a faɗa a aji ba.

Daga ranar aka laƙaba mata 'Yar Likita. Sunan ya yi mata daɗi ƙwarai.

Ranar Talata ƙawarta ta zo da ƙuna a bayan hannu. Ruwan zafi ne ya zubo mata.

"Don Allah ki tambayar min Mama abin da zan sa," in ji ƙawar.

Ina! Yarinyar ba ta tambaya ba, don kada asirinta ya tonu. Washegari ta ce, "Mama ta ce ki shafa man goge baki, ki ɗaure da tsumma." A bakin wata maƙwabciya ta taɓa jin haka.

Kafin Juma'a hannu ya kumbura suntum. Ƙawar ko biro ba ta iya riƙewa, sai kuka.

"Wa ya ce ki sa wannan?" in ji Malama.

"Mamar 'Yar Likita ce."

"To, ku taso ku biyu. Mu je wurinta."

Suka sami Mama a teburinta kusa da ƙofa, ga marasa lafiya jere a kan benci.

"Sannu da aiki, Likita," in ji Malama.

Mama ta yi murmushi. "A'a, Malama, likita tana ciki. Ni mataimakiyarta ce." Ta kwance tsumman a hankali, sai fuskarta ta canza. "Subhanallahi! Wa ya ce a yi haka?"

Malama ta juya ta dubi yarinyar. Ita kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige don kunya.

"Ni ce, Mama," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Na ce ke likita ce. Na ce ke kika faɗa."

Mama ta ɗauko kayan aikinta. Ta auna zafin jikin ƙawar, ta rubuta a kati, ta kai ta wurin likita. Likita ta ce da an ƙara kwana biyu, da sai an kwantar da ita. Mama ta wanke ciwon tsaf, ta sa maganin da likita ta rubuta, ta naɗe da bandeji.

Sannan ta dubi 'yarta. "Shekarata bakwai a nan, ban taɓa rubuta wa kowa magani ba, don ba aikina ba ne. Ke kuma kin ba da magani da sunana. Ashe kunyar aikina kike ji?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ki yafe min, Mama."

Babbar nas tana gefe, ta ji komai. Ta dafa teburin Mama ta ce, "'Yata, a kan wannan teburin na fara. Daga nan na koma karatu. Mamarki ma karatun nas take yi duk Asabar. Kuma in ba ita, likita ba ta ganin rabin mutanen nan."

Ranar Litinin yarinyar ta tsaya gaban aji. "Ƙarya na yi muku. Mamata mataimakiyar likita ce. Ita ta wanke hannun ƙawata da na ɓata."

"Na yafe miki," in ji ƙawar. "Amma ke za ki riƙa kwafar min darasi har in warke!"

Aji ya ɗauka da dariya. Mako biyu yarinyar ta yi tana rubutu a littafi biyu.

Malama ta ce, "Kun gani, yara? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada ku ba da maganin da ba ku sani ba. Kuma kada ku ji kunyar aikin iyayenku."

Tun daga nan, duk wanda ya ce mata 'Yar Likita, sai ta ce, "A'a, 'yar mataimakiyar likita dai."