Adireshin Na Sha Biyu

Tun da ta dawo daga zaman makokin yayanta, Injiniya ba ta jin komai, ko sanyin ɗakin na'urori ba ya ratsa ta. Ranar kowa ya fita cin abincin rana, ita tana zaune gaban allo. Kwamfutoci goma sha biyu ta kwafo daga samfuri ɗaya, duk suna zaune a cikin babbar na'ura, amma babu wadda ta hau intanet. Oga kuwa ya ce in la'asar ta yi ba su tashi ba, kamfanin ya rasa kwangilar.

"Ƙanwata, duk adireshin intanet ɗaya suke amsawa," in ji wani a bayanta. "Wanda ya haɗa samfurin bai goge nasa ba."

Wani dogon mutum ne da rigar ma'aikata, yana warin ƙasa jiƙaƙƙiya. Ba ta ji buɗe ƙofa ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta duba, haka ne. Ta goge tsohon adireshin, ta ba kowace nata. Sha ɗaya suka tashi, ta sha biyu ta nuna a allo cewa wani na riƙe da adireshinta.

"To wa ke riƙe da shi?" ta faɗa a gajiye.

"Ni ne. Nan nake zaune tun kafin ku jawo wayoyinku."

Sai ta juyo ta dube shi sosai. Bakinsa a rufe yake. Maganar daga cikin fankokin na'urorin take fitowa, kuma har yanzu ba ta ƙare ba.