Tarkon Morenike a Laburaren Gayya

Rana ta kusa faɗuwa a unguwar Yaba ta Legas, kuma aiki ɗaya kacal ya rage wa Morenike ta tashi. Abokan aikinta duk sun sulale don su riga cunkoso. Daga hawa na uku tana jin kwandastocin motocin haya na danfo suna ƙwala wa fasinja kira, janareton ƙasa kuma yana ta gurnani.

Aikinta gwada tarko ne. Kamfaninsu na da wani rubutun manhaja da suke kira laburaren gayya, saboda duk manhajojin gidan ta cikinsa suke bi, kamar yadda unguwa ke bin lungu ɗaya. In ana neman inda matsala take, sai a ɗana jan ɗigo a gefen wani layi. Duk abin da ya zo wucewa ta layin zai tsaya cak, har sai mai gwaji ya sallame shi. Maɓallan sallamar uku ne: taku ɗaya, ci gaba, da kashe. A makon nan aka sake gina laburaren, shi ya sa aka ce ta bi shi layi-layi ta tabbatar tarko yana kamawa.

Oga Ladipo, wanda ya rubuta laburaren tun tana 'yar sakandare, ya tsaya a kanta da jakarsa a kafaɗa.

"Nike, ina kika kai?"

"Na ƙarshe, Oga. Layin da ke buɗe wa manhaja hanya."

"Bar shi sai da safe."

"Haba Oga, gobe Asabar fa. So kake maigidana ya kore ni?"

Bai yi dariya ba. "Ba wasa nake ba, 'yata. Kullum rana za ta faɗi akwai mai wucewa ta layin nan, kuma ba ya cikin manhajojinmu. Na bi sawunsa har na gaji. Ginin nan a kan tsohuwar hanyar bakin ruwa aka yi shi. Ni dai ba na tare hanya da magariba."

"Kai da ka yi karatu a Turai?"

"Turai ɗin ma dare na yi musu," in ji shi, ya fita.

To, Morenike irin mutanen nan ce da in ka ce musu wuta ce, sai sun sa yatsa. Tana jin takunsa ya ɓace a matattakala, ta ɗana jan ɗigonta a layin, ta harɗe hannu.

Shiru, ba abin da ya zo. Ta miƙe ta leƙa taga, ta dawo ta zauna, ta sake miƙewa. Sama ta yi ja. Can wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, Folarin, ya ce yana ƙasa, ya sayo musu boli, wato gasasshiyar ayaba, da gyaɗa a wurin matar nan ta kan kwana. Ba da jimawa ba ta ji shi yana hawowa, yana fito kamar wanda aka yi wa kyautar Legas ɗin gaba ɗaya.

Ya bayyana a bakin ƙofa riƙe da ƙunshin takarda.

"Madam mai kwamfuta, kin san fa boli ba ya jiran..."

Layin da ke allon ya koma rawaya. Tarko ya kama.

Fanka ta tsaya. Janareto ya yi tsit, amma wuta ba ta ɗauke ba. Titi ya mutu: ba hon, ba kwandasta, ba kiran salla.

Folarin na tsaye a ƙofa, baki buɗe, ƙafa ɗaya a sama. Tururin da ke tashi daga ƙunshin ya daskare a iska.

"Fola?"

Ta je ta sa yatsa a hancinsa. Ba numfashi. Ta ja hannunsa da dukkan ƙarfinta, kamar ta ja ginshiƙin gini. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta san mutum ba ya daɗewa ba iska.

Sai warin ya iso. Taɓon bakin ruwa, da ƙarnin kifin da ya kwana.

Ta leƙa ta saman kafaɗarsa. A baranda akwai sawun ƙafa jiƙaƙƙu, dogaye, sun biyo na Folarin daga matattakala. Sun ƙare a wani wuri da ba kowa. Sama da wurin, kusa da silin, ɗigon ruwa ɗaya na rataye, bai faɗo ba.

Ta koma kan allo da gudu. A gefe akwai wurin da ke nuna abin da tarko ya kama. Layi biyu ne. Na farko sunan mijinta, cikakke. Na biyu ba harafi, baƙi ne kawai, yana motsi a hankali.

Sabo turken wawa. Hannunta da kansa ya tafi kan maɓallin kashe, yadda ta saba yi kullum in manhaja ta ƙage: a kashe, a sake tayarwa. Yatsarta har ta taɓa shi. Ta fizge hannun ta cusa a baki ta cije. Maɓallin nan ba ya zaɓe, duk abin da ke cikin tarko yake tafiya da shi.

Ci gaba fa? Folarin ne ya toshe ƙofar, abin kuma a bayansa yake. In ta sake su tare, ta cikinsa zai bi.

Saura taku ɗaya. Ta danna.

Ƙafar Folarin ta sauka. Ya ja iska, "...kowa," ya sake ƙagewa.

A baranda wani abu ya ce faca. Sabon sawu ya fito. Takunsa ya ninka na mutum.

Ta fahimci cinikin. Kowane dannawa numfashi ɗaya ne ga mijinta, taku ɗaya ga mai binsa.

Ta matsa kusa, hannu ɗaya a kan maɓalli, ta danna tana raɗa, "Fola, kauce."

Idonsa ya juyo gare ta. "Me?"

Faca.

Allah ya shirya maza. Ana ƙoƙarin ceton ransa, shi yana neman bayani.

Ta sake dannawa. "Hagu, don Allah, hagu!"

"Nike, lafiya ki..."

Faca.

Yanzu sawun ya tsallako ƙofa. Bayan rigar Folarin ya fara jiƙewa da kansa. Sanyi ya cika ofishin, warin ya shiga mata maƙogwaro.

Taku ɗaya ya rage a tsakaninsu. Kalma ɗaya gare ta.

Ta rasa wace. Leɓensa ya fara yin duhu.

Sai ta tuna yadda ake tsallaka titi a garin nan. Akwai kalmar da ɗan Legas ba ya tambayar dalilinta.

Ta danna, ta ƙwala ihu.

"Okada!"

Folarin ya yi tsalle gefe kamar mai kauce wa ɗan acaɓa, kafin ya san ya yi. Ya ƙage a jikin bango, boli na rataye a iska, hannunsa na hagu kaɗai ya rage a hanya.

Ta goge jan ɗigon. Ta danna ci gaba. Ta faɗa ƙarƙashin tebur ta rufe ido.

Faca. Faca.

Abin ya tsaya daidai kanta. Ruwa mai sanyi ya ɗigo mata a ƙeya. Wata murya, kamar ana magana daga cikin rijiya, ta zo mata kunne.

"Kin tsayar da ni a hanyata. Wanda ya ɗana tarko, shi ke zaman gadinsa."

Faca, ta wajen taga. Sai hon, sai janareto, sai kiran salla, duk suka faɗo mata lokaci guda.

Folarin na zaune a ƙasa yana tari, yana tattara gyaɗa. "Wane irin okada a hawa na uku? Ke aikin nan zai zautar da ke." Ta rungume shi tana kuka, shi kuwa yana mitar hannunsa na hagu ya yi sanyi kamar kifin firji.

Ta ɗauka an gama. Washegari da magariba suna cin abinci a gida, yana ba ta labarin wani direba yana dariya, sai ya tsaya. Cokali a sama, baki buɗe, ba numfashi. Ta girgiza shi, ta watsa masa ruwa, ta kira sunansa. Da ta rasa abin yi, sai ta ce, "Ci gaba." Ya ƙarasa dariyarsa ya kai cokali baki.

Ran Litinin ta gaya wa Oga Ladipo. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya dai ce daga yau ta riƙa tashi da la'asar.

Sun gwada komai. Mahaifiyar Folarin ta faɗi kalmar, bai motsa ba. Sun gwada ta waya, Morenike tana ɗaki na kusa, bai motsa ba. Sai ita, sai tana gabansa. Kullum da magariba haka, ba fashi, kuma shi bai san yana yi ba. Morenike ta daina zuwa biki mai nisa, ta daina kwana a garinsu, ko zazzaɓi ya kama ta ba ta yarda ta yi barcin yamma.

Jiya wata tirela ta faɗi a kan gada, cunkoso ya riƙe danfon da take ciki. Fasinjoji na ta zagin direba, ita tana kallon rana tana gangarawa bayan ruwa. Ta ce wa kwandasta ya buɗe mata ƙofa.

"Anti, a tsakiyar gada? Canjinki fa?"

Ba ta waiwayo ba. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta shiga tsakanin motoci da gudu, tana maimaita kalmar a bakinta don kar haki ya cinye mata ita kafin ta isa.