Manomi Mai Gaskiya da Jakin Maƙwabcinsa

Can a wani gari, tun zamanin kakanni, an yi wani manomi mai girman kai. Wata rana jakin maƙwabcinsa ya shiga gonarsa ya yi wa dawa ɓarna. Manomi ya kai ƙara wurin alƙali.

Da aka gama jin shaidu, alƙali ya ce, "Ƙararka ta tabbata. Me kake so a yi maka? A biya ka dawarka, ko a sa maƙwabcinka ya ɗaure jakinsa?"

Manomi ya gyara zaman hularsa ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni zan karɓi dami daga hannun wannan matsiyaci? A dai faɗa gaban jama'a ni ke da gaskiya."

Alƙali ya ce, "Kai ke da gaskiya."

Manomi ya koma gida yana taƙama. Jaki kuwa, da yake babu wanda ya ɗaure shi, ya koma gona.

Manomi ya sake kai ƙara, alƙali ya sake tambayarsa, ya sake cewa a dai faɗa gaban jama'a. Aka faɗa. Haka aka yi ta yi har kaka, jaki ya yi ƙiba, wuya kamar na bajimi.

Ranar da maƙwabta ke cika rumbuna, matar manomi ta ajiye turmi a gabansa ta ce, "Maigida, yara na jin yunwa. Ɗebo mana gaskiyar nan da ka tara in daka."