Lambar Saje Barau

"Ranka ya daɗe, ba zan bayar ba," in ji Safara'u.

Dagaci so yake ta miƙo lambar yaƙin mahaifinta, marigayi Saje Barau, shi dagacin ya liƙa wa ɗansa Mati a ƙirji ranar da Bature zai zo rangadi. Matin da aka ɓoye cikin rumbu shekarar ɗibar soja, aka tura Barau yaƙin Jamus a madadinsa! Barau ya dawo daga Kamaru da ɗingishi, ya haƙa rijiyar da har dagacin ke sha.

"In Mati na son lamba, a rataya masa zangarniyar gero, ai cikinta ya yi nasa yaƙin," in ji ta.

Kafin magariba aka kore ta. Ta bar ƙasar Sule Tankarkar ita kaɗai, ta nufi Gumel. Da dare ya raba, gyare suka yi tsit. Sai ga taku a bayanta, ƙafa ɗaya na sauka, ɗaya ana janta. Warin albarushi ya cika mata hanci. Ta waiga, sawunta kaɗai ke kan yashi.

"Karen dagaci, fito gabana in ka isa!"

"Yi ta tafiya, Uwata, ina bayanki."

Mutum ɗaya ke kiranta haka, kuma a gabanta aka fita da makararsa.

Ta rasa gida, ta rasa gona, har ta tsufa ba ta sake taka garinsu ba.